Rigar Muntari da Sunan Jaririya

Ga ta nan, ku matso ta iske ku. Mai danna waya ya kife ta a tabarma, don labarin a kan irinta ne, kuma in na gama kowa zai yanke hukunci da bakinsa.

A Funtuwa aka yi wani lauya, sunansa Muntari. Yaro ne mai ladabi, ba ya wuce babba bai rusuna ba. Uwarsu ta rasu yana ƙarami, yayarsa Hansatu ce ta riƙe shi, da keken ɗinki ta kai shi har ranar da aka sa masa baƙar rigar nan ta lauyoyi. Ku sani, rigar nan ita ce gonarsa, ita ce mutuncinsa. Lauyan da aka tuɓe wa riga ba ya ƙara buɗe baki a gaban alƙali.

Aibinsa ɗaya, son sauƙi. Ya samu na'urar nan da ake tambaya tana ba da amsa, wadda 'yan boko ke kira ƙirƙirarriyar basira. Bakinta zaƙi kamar na dillaliya, kuma da wuya ta ce maka ba ta sani ba. Ka tambaye ta abin da babu, sai ta ƙera maka shi, ta goge, ta miƙo.

Wata tsohuwa, Inna Safara'u, ta kawo masa ƙara. Mijinta ya rasu, ƙaninsa Isiyaku ya ce gidan gadonsu ne, ba ta da ko ɗaki. Ta zauna ta zazzage wa Muntari cikinta kamar yadda ake yi wa mai magani, har da abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba: marigayin ya taɓa yi mata saki ɗaya, ya mayar da ita. Muntari ya kwashe duka, da sunanta da unguwarta, ya zuba wa na'ura, ya ce ta rubuta masa hujja. Su lauyoyi al'adarsu ita ce su kawo wa alƙali tsofaffin hukunce-hukunce, su ce manyan kotuna sun taɓa yanke irin wannan, ga yadda suka yanke. Na'ura ta jero masa su reras, da sunayen alƙalai da shekaru da shafuka. Ya sa hannu, ya kai kotu, ya dawo yana fito.

Da rana tsaka Hansatu ta kawo masa dambu ofis. Tana shiga ta ga manyan littattafan shari'ar da ta saya masa an jera su an ɗora fanka a kai.

"Muntari, waɗannan da na yi ta ɗinkin salla har idona ya yi ja na saya maka, su ne kujerar fanka?"

Ya yi dariya. "Yaya, zamani ya wuce nan. Abin da zan daɗe ina nema, wannan kafin ki zura zare a allura ta kawo."

"Daga ina ta kawo?"

"Daga ko'ina."

"Ka gani da idonka?"

"Ba sai na gani ba, Yaya."

Ta rufe kwanon dambu, ta mayar cikin ƙyalle, ta ɗaure. Ta ce ba zai ƙara cin abincinta ba, ita ma ba za ta taka gidansa ba, sai ya buɗe littafi ya ɗora yatsa a kan kowane hukunci. Ta fita da dambunta. Muntari ya san halinta, in ta yi fushi ko a hanya ba ta amsa sallama. Don ya lallashe ta kawai ya sauke fanka ya kaɗe ƙura. Ya nemi na farko, babu. Na biyu, babu. Ya tafi ɗakin karatu na kotu, ya juya duk abin da ake juyawa. Ko ɗaya ba a taɓa yanke shi a duniya ba. Ga takarda tuni tana gaban alƙali da sa hannunsa.

Ranar zama ya iso kotu riga na manne masa da gumi. Zuciyarsa na cewa ya yi shiru, wataƙila ba wanda ya duba, ko ya ce kuskuren mai buga takarda ne. A baranda ya yi kiciɓis da lauyar Isiyaku, Barista Suwaiba. Tun suna makaranta suke tsokanar juna, yana ce mata sarkin bin diddigi.

Ta ce, "Barista, alƙalan nan da ka kawo, a wane gari suka yi aiki? Na neme su da rai ban samu ba, na nemi kabarinsu ma babu."

Ya gane wuƙa da nama na hannunta. In ta miƙe ta fallasa shi, ta ci shari'a, shi kuma ya zama maƙaryacin da aka kama.

Ta rage murya. "Ba zan rufa maka ba. Rantsuwa na yi, kuma ina da wanda nake karewa. Amma takalmina na matsa mini yau, zan ɗan yi nauyin miƙewa."

Alƙali na zama Muntari ya riga kowa tashi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, hukunce-hukuncen da na kawo babu su. Na'ura ce ta ƙirƙira, ni kuma na sa hannu ban duba ba. Laifina ne, ba na kowa ba." Sai da ya kai aya Suwaiba ta miƙe ta ce ita ma ta bincika, haka ne. Alƙali ya wanke shi tas da faɗa, ya ce da kama shi aka yi da ba zai saurari komai daga bakinsa ba. Ya tura shi gaban dattawan lauyoyi masu ladabtarwa. Isiyaku kuwa ya shiga kasuwa yana cewa lauyarsa ta sayar da shi, har abokansa suka janye ƙararrakinsu daga hannunta. Ba ta je ta kare kanta ba.

Saura ɗaya, wanda ya fi nauyi. Dattawan suka tambaye shi me da me ya zuba wa na'urar, ya faɗi gaskiya, cewa har da sirrin tsohuwa. Suka ce ƙarya ya tona da kansa, wannan da sauƙi. Amma amana ba tasu ba ce, ta mai ita ce. Abin da aka zuba wa na'ura ba a san inda yake kwana ba, ba a san wa zai leƙa ba. In tsohuwa ta ce an cuce ta, riga ta tafi.

Ya je gidanta ya durƙusa a tsakar gida ya gaya mata. Ba ta ba shi tabarma ba, ba ta ba shi ruwa ba. Ta ci gaba da tsince shinkafarta har ya gaji ya tashi. A hanya ya riƙa lissafin wace sana'a zai koya da girmansa, ga matarsa Lubabatu da tsohon ciki.

Ranar da aka kira ta gaban dattawa ta zo da mayafinta na zuwa biki. Aka ce, "Inna, kina da ƙorafi?"

Ta ce, "Ina da shi. Yaron nan ya ɗauki maganar da ko 'yar'uwata ban gaya wa ba ya ba baƙuwar da ba ta da fuska. Na yi kwanaki abinci ba ya wuce mini." Ta gyara zama. "To ku ji da kunnenku. Malam ya taɓa sakina saki ɗaya a kan miyar da gishiri ya yi wa yawa, ya mayar da ni ban gama ɗaure kayana ba. Kunya ta sa na ɓoye. Yanzu na faɗa da bakina a gaban maza, ita na'urar ta kai kasuwa in akwai mai saye. Na yafe masa. Kuma ba na canja lauya, shi ya ɓata, shi zai gyara."

Ta san abin da ta jawo wa kanta. Magana ta fita, Isiyaku ya samu sabon makami, ya ce ashe ma sakakkiya ce ba ta da gado. Suwaiba ta kawo wannan a kotu ba sassauci, don aikinta ne. Muntari, wanda aka bar wa rigarsa bayan jan kunne mai zafi, ya koma wa littattafan da Hansatu ta saya. Ya nemo limamin da marigayin ya shaida wa cewa ya mayar da ita, ya kawo hukunci na gaske wanda ya ɗora wa yatsa. Inna Safara'u ta samu rabonta, tana nan a ɗakinta har yau. Na'urar ma bai jefar ba, amma ba ya ba ta sunan kowa, kuma abin da ta faɗa sai ya auna.

Ranar da aka gama, murna ta kwashe shi, ya faɗa a gaban jama'a cewa in Allah ya sauki Lubabatu lafiya kuma mace ce, sunan wadda ta cece shi za ta ci. Bai tsaya ya ƙirga su ba. Son sauƙin nan dai bai gama sakinsa ba.

Allah ya kawo mace, guda ɗaya. Lubabatu ta dube shi daga kan gado ta ce, "Ko tagwaye na haifa da saura ɗaya, Barista. Sai ka san yadda za ka yi."

Hansatu ta tare a gidan da kekenta tana ta ɗinka 'yan riguna, in ya wuce sai ta ƙara wa keken gudu. Da ba ta ɗauke dambunta ba, da ya shiga kotu da ƙarya a baki bai sani ba, da babu abin da zai riga kowa faɗa.

Suwaiba ta aiko da turmin atamfa da saƙo cewa kada ya kuskura ya tambayi na'ura wannan ma. Da ta riga shi miƙewa, da binciken da ya yi bai amfane shi da komai ba, kuma ita ce ta yi asarar masu kawo mata aiki saboda wanda ba ɗan'uwanta ba.

Inna Safara'u kuwa kullum tana gidan, ta karɓi jaririya ta ɗora a cinya tana ce mata takwara tun ba a tambaye ta ba. Ita aka cuta, ita ta tona kanta, ta sa ɗakinta cikin haɗari. Da ta ce a'a, da wahalar biyun farko ta tashi a banza.

Ga rago a ɗaure, ga goro an jiƙa, liman ya aiko yana tambayar sunan da zai raɗa. Muntari na zaune a zaure ya rafka tagumi, riga na rataye a ƙusa tana kallonsa. Kada wani ya ce mini a haɗa sunaye uku, jaririya ba buhu ba ce.

To, ku da kuka ji, a cikin Hansatu da Suwaiba da Safara'u, wace ce ta fi cancanta a yi wa takwara?