Na'urar Gwaji Ba Ta San Yaushe Ba

Akwai wani saurayi da ƙafarsa ba ta zama wuri guda, har a gida ake ce masa Baƙo. Ya yi shekaru yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti mai nisa, sai ya zo hutu.

Ya tarar an sare bishiyar ƙofar gida. Shagon askin da suke hira ya koma wurin cajin waya. Abokai sun watse, wanda ya rage ma a tsaye ya gaishe shi. Ɗakinsa an cika shi da tsofaffin katifu. Mahaifiyarsa kuwa, wadda da ake jiyo muryarta tun daga titi, labulenta a sake yake da rana tsaka.

Ƙanwarsa Auta ta ja shi gefe.

"Yaya, an yi wa Umma gwajin bakin mahaifa, aka ga ƙwayar cutar HPV, nau'i na 16. Sun ce ta koma a duba ta, a tare abin kafin ya zama ciwon daji. Ta ƙi."

"Saboda me?"

"A layin jira wata ta ce mata ta wurin namiji ake ɗauka. Ka kuma san tun yaushe Baba ya rasu."

Baƙo ya faɗa ɗakin Umma kai tsaye. "Umma, ai wannan ba komai ba ne, kullum irinsa nake..."

"Har kai aka gaya wa?" Ta juya fuska bango. "Fita."

Daga ranar ko gaisuwarsa da ƙyar take amsawa. Yakan zaga unguwa ya dawo bai sami wanda zai zauna da shi ba. Har ya fara tunanin yanke hutun.

Wata rana da hantsi ya ɗauko fankar da ta lalace, ya zauna a bakin ƙofar Umma, ya ba labulen baya. Ya ƙifta wa Auta ido.

"Wai Yaya, aikin me kake yi can? An ce kwalabe kake wankewa."

"Ke dai ba ki da kunya. Miƙo min sukundireba. Ɗan abin da aka shafo da auduga ake kawo mana, da lamba, babu suna. Sai in sa a na'ura. Idan akwai ƙwayar, ko ɗan ɓurɓushinta ne, na'urar ta yi ta kwafarsa har ya yi yawan da za a gani. Sannan ta faɗi nau'in, don sun fi ɗari. Wasu ba ruwansu, irin su 16 da 18 ne ake sa wa ido."

"To tana faɗin inda mutum ya ɗauko?"

"Ina! Ko yaushe ta shiga ba ta sani ba. Abu ne da kan kwanta a jiki shiru, tun mace tana amarya, sai ta yi jikoki ya bayyana. Yawancin manya sun taɓa haɗuwa da ita ba su sani ba. Kuma ganinta ba daji ba ne, cewa ake a zo a duba da wuri."

Baƙo ya ci gaba da gyaran fankarsa. Sai dai rediyon da ke ta magana a ɗakin Umma tun safe, an kashe shi.

Bai ƙara tayar da zancen ba.

Ranar tafiya yana durƙushe yana kokawa da zif ɗin jaka, sai inuwa ta tare ƙofa. Umma ce, da mayafi, da jakar hannu.

"Cire takalmin nan daga ciki, in ba haka ba ba za ta rufu ba. Kai har yau ba ka iya shirya kaya ba." Ta gyara mayafinta, idonta na kan jakar. "Motar da za ta kai ka tasha, ta gaban asibiti take bi?"

Tasha tana gabas, asibiti yana yamma.

"Yau ta nan za ta bi, Umma."

Darasi: Sanin gaskiya daban, sanin yadda za a faɗa wa babba ita daban. Ku yi haƙuri da kunyar iyayenmu mata, kada kuma ku ɗora wa kowa zargi a kan sakamakon gwaji. Wadda aka ce ta koma asibiti, ku raka ta. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wadda ta saki labule a gidansu.