Nomau da Ɓarawon Geron Iri

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wani manomi ne, sunansa Nomau. Akwai ƙwazo, ba laifi, amma in abu ya shiga kansa, ko da guduma ba ka fitar da shi. Yana da ɗan rumbu a bayan ɗaki inda ya ajiye geron iri. Ba na ci ba ne, na shuka ne. In ya ƙare, damina ta wuce shi ke nan.

Wata safiya ya fito ya ga Hankaka a kan jinkar rumbun yana gyaran fuka-fukai. Ya leƙa ciki, ya ga iri ya ragu. Ya ce, "Af! Na gane ɓarawona."

Hankaka ya ce, "Ni? Hutawa kawai nake yi, Malam Nomau."

Nomau ya ce, "Kun ji ko? Tun ban gama magana ba ya fara kare kansa."

Sai ga Gafiya ta ɓullo daga gindin danga, tana share baki. Ta ce, "Wallahi Malam, idonka ba ya kuskure. Ni ma na daɗe ina zarginsa." Daɗi ya kama Nomau har cikin ransa. Ya ce ita kaɗai ce mai hankali a unguwar, ya ba ta gadin rumbu. Ku ji fa, gadin rumbu!

Matarsa Tasalla ta ce, "Maigida, ka bincika mana tukuna."

Ya ce, "Zan bincika, don ki ga gaskiyata."

Da yamma ya barbaɗa toka kewaye da rumbu, don sawun ɓarawo ya fito. Gari ya waye, iri ya ragu. A kan toka ga ƙananan sawu, ga kuma dogon layi a tsakiya. Tasalla ta ce, "Wannan ai jan wutsiya ne. Hankaka yana da wutsiya mai jan ƙasa?"

Nomau ya yi dariya ya ce, "Ba ki san makircinsa ba. Kara ya ja don ya share sawunsa."

Gafiya ta naɗe wutsiyarta ƙarƙashin ciki ta ce, "Haka ne, Malam."

Ya sake barbaɗa toka. Wannan karon Gafiya ta tono rami ta ƙarƙashin ƙasa, ta huda gindin rumbu. Gari ya waye, iri ya ragu, toka kuwa sumul, ko sawun tururuwa babu. Nomau ya buga cinya ya ce, "Wa ke zuwa ba sawu in ba mai fiffike ba?"

Gafiya ta ce, "Haka ne, Malam."

A karo na uku, ya kama Hankaka, ya ɗaure masa ƙafa, ya kife shi da kwando a zaure. Gari ya waye, iri ya ragu. Tasalla ta riƙe haɓa ta ce, "To, yanzu kuma fa?"

Ya ce, "'Yan'uwansa ya aiko."

"Da bai ragu ba fa?"

"Da kin ga don yana ɗaure ne."

Ta ce, "Maigida, don Allah, me zai faru ka yarda ba shi ba ne?"

Nomau ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "Je ki duba tukunyarki." Ya fige wa Hankaka jela ya kore shi daga garin. Hankaka ya tashi da kyar yana cewa Allah ya isa.

Ana nan, ana nan, ruwan shuka ya sauka. Kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Nomau ya ɗaga jinka, sai ƙaiƙayi. A gindin rumbu ga rami, a bakin ramin ga Gafiya ta maƙale saboda ƙiba, kumatunta cike fam da gero. Ta buɗe baki da kyar ta ce, "Malam, ka zo a kan gaɓa! Ramin Hankaka na gano, na toshe shi da jikina."

Nomau ya jawo ta da hannu biyu, ya karkaɗe mata ƙura, ya sa mata albarka. Ya juya wajen Tasalla, wadda hawaye ke zubo mata, ya ce, "Kin gani? Har tonon rami ya iya."

A shekarar nan gonar Nomau ciyawa ta haifa. Maƙwabta suka ci sabon tuwo, gidansa aka kwana da yunwa. Shi kuwa yana zaune a ƙofar gida, ciki ya manne da baya, yana ba masu wucewa labarin yadda ya gane ɓarawo da kallo ɗaya.

Ƙurunƙus, yau kam kan gafiya ne! Ku dai ku riƙe wannan: in za ku bincika magana, ku fara tambayar kanku abin da za ku gani ku yarda kun yi kuskure. Wanda ba shi da amsa, bai bincika komai ba, tokarsa kawai ya ɓata.