Mutumin da Ya Ga Ɓaraka Ya Yi Shiru

A wani ƙauye an yi wani manomi da ƙanensa, gonakinsu suna ƙasan wata tsohuwar madatsar ruwa. Kakanni ne suka tare rafi da bangon jar ƙasa, domin jama'a su sami ruwan noman albasa da tumatir bayan damina ta wuce. Mahaifinsu ya yi shekara talatin yana kula da ita. Da ya rasu, dattawan gari suka zauna, suka ɗora ƙanen a kan aikin, gama shi mai haƙuri ne, yana raba ruwa ba tare da an yi faɗa ba.

Abin ya yi wa wan zafi ƙwarai. Shi ne ya riƙa bin mahaifinsu tun yana ƙarami, ya san inda bangon yake da ƙarfi da inda ya tsufa. In ya ji ana cewa, "Allah ya yi wa mai kula da ruwa albarka," ranar ko tuwo ba ya yi masa daɗi. Albasar ƙanensa ma in ta yi kyau, sai ya kau da kai ya wuce.

Wata rana a tsakiyar damina, yana komowa daga gona, ya bi ta gindin bangon. Sai ya ga ramin gafiya a cikin ciyawa, ruwa yana tsattsafowa daga ciki. Ya durƙusa ya tara hannu. Ruwan ja ne, gauraye da laka. Ya kuwa san abin da wannan yake nufi: ruwan yana cin bangon ta ciki. A ranar, mutum goma da fartanya da kwanduna sun isa su toshe shi kafin rana ta faɗi.

Ya miƙe ya goge hannu a riga, ya ce a ransa, "Ai sun zaɓi wanda suke so. Bari mu ga iyawarsa." Ya mai da ciyawar yadda take, ya tafi gida. A tunaninsa ɓarakar za ta ɗan buɗe, mutane su ruɗe, a zo a roƙe shi ya gyara a gaban kowa.

Bayan kwana uku, ƙanen ya same shi a ƙofar gida, ya rusuna ya gaishe shi. Ya ce, "Yaya, ruwa ya hau fiye da bara, hankalina bai kwanta ba. Ka zo mu zaga bangon tare."

Wan ya ce, "Ni wa? Ai kai ne mai ruwa."

"Suna kawai aka ba ni, Yaya. Abin da Baba ya sani, kai ya bar wa."

Maganar ramin ta zo wa wan har baki. Sai ya tuna ranar da dattawa suka tsallake shi, ya haɗiye ta. Ya ce, "Bangon da ya kai shekara sittin a tsaye, bana ne zai faɗi? Je ka, ba abin da zai same shi."

Ƙanen ya gaskata shi, ya yi godiya. Ya zaga shi kaɗai, ya share magudanar ruwa, ya sare itatuwan da saiwoyinsu suke shiga bangon, amma bai ga ramin ba.

Ranar kasuwa aka tashi da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Da tsakar rana bangon ya fashe. Ruwa ya kwashe masara da gero, ya rushe rumbunan gidaje biyar, ya tafi da shanun noma. Gonar wan ita ma yashi ya binne ta. Da jinƙan Allah ba a rasa rai ba.

Dattawa suka kira ƙanen. Ya tsaya a gabansu ya ce, "Ni aka ba amana, ni ne ban gani ba. Ku gafarta mini." Bai ambaci cewa ya je wurin wansa ba. Suka karɓe aikin daga hannunsa, suka juya wurin wan suka ce, "Da kai muka ba tun farko, da haka bai faru ba."

Maganar da ya daɗe yana marmarin ji ke nan. Ga shi ya zama mai kula da ruwa, amma babu ruwa. A ranin nan ba wanda ya shuka albasa ko ɗaya, samari suka watse ci-rani, yara suka kwana da yunwa a gidajen da ba su taɓa saninta ba.

Da aka kira gayyar sake gina bangon, mutum na fari da ya iso shi ne ƙanen, da kwando a ka. Ya ce, "Yaya, nuna mini inda zan fara." Wan ya buɗe baki zai amsa, sai kuka ya ci ƙarfinsa.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake koya mana. Madatsar ruwan ita ce duk abin da Ubangiji ya ba mu mu amfana tare: gidanmu, garinmu, ikkilisiyarmu. Ku lura, mutumin nan bai ɗauki diga ya fasa bango ba. Gani ya yi, ya yi shiru, har da aka tambaye shi ya ɓoye. Hassada takan yi aikinta haka, mai ita yana gaisawa da kowa, yana zuwa sujada.

Wataƙila an zaɓi wani ya zama dattijon ikkilisiya, kai kuwa ka riga shi baftisma. Wataƙila an ba wata shugabancin zumuntar mata, ke kuwa kin fi ta sanin aikin. Kana ganin inda zai yi tuntuɓe, kana jira. Ka tuna, ranar da bangon ya fashe, ruwa bai tsaya ya tambayi gonar wa ce ba. Allah kuma yana ganin abin da muka rufe da ciyawa.

In akwai wanda kake jiran faɗuwarsa, ka san sunansa, yanzu ma ya zo maka a zuciya. Ka roƙi Almasihu gafara, ka je wurin ɗan'uwanka yau ɗin nan, tun ramin yana ƙarami, ka ce masa, "Zo in nuna maka abin da na gani."