Motar Alhaji Maharazu Mai Tari

Akwai wani falke a Gwale, Alhaji Maharazu, wanda ya sayi tsohuwar mota hannun wani Bature a 1955. Ba ya zuwa ko'ina da ita. Kullum da safe sai ya tayar da ita a ƙofar gida, ya kishingiɗa a ciki tana ruri, don unguwa ta ji.

Bayan wata biyu mota ta soma tari. Ta yi karkarwa, ta fesa baƙin hayaƙi. Ran nan ta saki wata ƙara, fam! Ladan ya yar da butarsa ya ruga.

Alhaji ya ce sammu ne. Ya kai ƙarar maƙwabcinsa Ilu mai gyaran fitilu gun mai unguwa, wai kullum yana kallonta yana girgiza kai.

Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, direban soja na yi a yaƙin Bama. Tausayinta nake ji. A bar ni in taɓa ta."

"Mai fitila ne zai taɓa mini mota?"

Mai unguwa ya ce a bar shi ya taɓa.

Ilu ya buɗe gaban mota, inji na ruri. Ya zare wayar filogi na farko, tari ya ƙaru, ya mayar. Na biyu ma haka. Da ya zare na uku, ko gezau.

Ilu ya ce, "Wannan dama barci yake."

Ya kwance shi, ga shi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya kankare, ya wanke da fetur, ya goge sauran, ya ɗaura. Inji ya daidaita sumul.

Alhaji ya ce a hankali, "To waye ya yi mata?"

"Kai ne, Alhaji. Zaman banza ke toshe filogi. Maganinta doguwar tafiya."

Kunya ta rufe Alhaji. Ya nemi gafara, ya ce Ilu ya faɗi ladansa.

"Gwaggona 'Yardada za ta Wudil ran Juma'a. A kai ta a motar nan."

Bai ce da awaki uku za ta ba. Mota ta je ta dawo ba tari ko ɗaya. Alhaji kuwa ya shigo Gwale da rabin rawani, sauran yana cikin akuya.

Darasi: Kafin ka ɗora wa maƙwabci laifi, duba abin da hannunka ya yi, kuma kada ka raina sanin kowa. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su ƙaru.