Layin da Orval Ya Karkatar

Akwai wani mutum, Orval Stamper, ɗan garin Piney Gap a duwatsun jihar Kentucky ta ƙasar Amurka. Ubansa a ramin kwal ya ƙare rayuwarsa. Yayansa Cletus ma can ya shiga tun yana saurayi, don Orval ya samu ya karanta lauya.

Bayan yaƙin duniya na biyu Orval ya tsaya takarar majalisar wakilai ta ƙasa. Garin ya tsaya masa tsayin daka. Mata suka soya kaji, maza suka yi ta kwasar tsofaffi a bayan mota zuwa rumfar zaɓe. Ya ci, ya tafi Washington, ya kuma yi ta ci.

To, ƙurar kwal ba ta ƙyale mutum. Mazan garin suka fara wani irin tari, numfashi yana gagararsu. Duk zuwan Orval gida sai su tare shi a ƙofar coci: "Yaushe za ka miƙe a majalisa ka yi maganarmu?" Gogan naka kuwa ya riga ya saba zama teburi ɗaya da masu ramukan kwal. Mutanensa suka zame masa ciwon kai.

Da aka yi ƙidaya, aka zo sake zana iyakokin mazaɓu, sai ya raɗa wa abokansa na majalisar jiha wata magana. Aka ɗan karkata layi a taswira, Piney Gap ya faɗa mazaɓar wani. Shi ke nan, ya huta da masu tari.

Da ya leƙa gida ya tarar da Cletus zaune a baranda, duk ya rame.

"Orval, an ce ka cire mu," in ji Cletus.

"Haba Yaya, layi ne kawai a takarda. Ni ɗan garin nan ne har gobe."

Cletus ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa. "Da na sani, da ni na riƙe fensirin, kai ka riƙe shebur."

Cletus bai sake ganin bazara ba. Ranar binne shi ana zama a majalisa, sai Orval ya aiko da furanni.

Shekaru suka ja, aka sake ƙidaya. Yaran jam'iyya da suka taso suna son kujerar, kuma a wurinsa suka koyi dabara. Suka yanke masa birnin da yake taƙama da ƙuri'unsa, suka mayar masa da Piney Gap. Ya sha mummunan kaye. Abokan Washington suka daina ɗaga wayarsa, matarsa ta rasu, likita kuma ya ce zuciyarsa ta gaji.

Abu ɗaya ya rage masa a rai: a kwantar da shi kusa da uwarsa da yayansa, a maƙabartar danginsu da ke kan tudu. Ya tuƙa mota ya tafi wurin Nola, matar marigayi Cletus, wadda ke kula da wurin.

Ta gan shi a ƙofa, ta ce, "A'a, Onarabul da kansa? Ai ba lokacin zaɓe ba ne."

"Nola, ba ƙuri'a na zo nema ba. Kwanana sun kusa ƙarewa. Gurbina na zo gani."

Ta sa takalmi suka hau tudun. Yana ta haki. Da suka isa sai ya ga kaburbura sun cika cikin shingen wayar da ya kewaye wurin maƙil.

"Gurbinka Dewey muka bai wa," in ji Nola. "Na kusa da shi Lonnie ne, sai 'ya'yan Haskell biyu. Masu tarin nan ne, maƙabartar coci ta cika. Amma akwai fili can bayan shinge."

"Bayan shinge, Nola? Ai waje ke nan."

Ta dube shi, babu fushi ko kaɗan a fuskarta.

"Haba Orval, waya ce kawai. Kai ɗan garin nan ne har gobe."

Ya kama wayar shingen ya fashe da kuka, kukan da bai yi wa yayansa ba. Nola ta jira ya gama, ta taimaka masa suka sauko.

Da ya mutu, can bayan shingen aka binne shi, shi kaɗai.

Darasi: Kada kujera ta sa ka ga waɗanda suka ɗaga ka sun zame maka nauyi. Layin da ka ja don ka huta da mutanenka, wata rana kai zai bari a waje. Ku tura wa duk wanda Allah ya ɗaukaka, tun yana da sauran lokacin komawa gida.