Katin Kawu da Famfon da Ya Bi ta Kwata

Kawuna mutumin kirki ne, amma yana da hali guda: duk abin da aka biya wa kuɗi, a wurinsa an gama da shi. Ya yi ritaya daga gidan waya da tabarau biyu, da ciwon baya wanda ba ya tashi sai an ambaci shebur, da katin inshorar lafiya da babbar 'yarsa ta yankar wa gidan. Katin yana aljihun gaba, cikin leda. Ban taɓa jin ya ce katin yana hana ciwo ba. Mai ilimi ne, ba zai faɗa ba. Zama kawai yake yi irin na wanda ya yarda da hakan.

A gidan akwai matarsa, wadda muke kira Inna, da jikarsu 'yar shekara biyar. Uwar yarinyar, 'yar Kawu, tana koyarwa a wani gari mai nisa, shi ya sa ta bar ta a hannun iyayenta. Kawu ya laƙaba wa jikar Shugaba, kuma ba wasa yake yi ba, don ita take yanke tashar da za a kama a rediyo. Tun zuwanta ya daina yi mana zancen mutuwa da sassafe.

Duk safiyar Asabar maƙwabta sukan fito su yashe kwatar layin. Kawu ma yakan fito, da kujerarsa da jarida.

"Malam, yau ma bayan ne?" in ji tela, maƙwabcinsa.

"Bayan ne. Kuma ai muna biyan haraji. Yasar kwata aikin hukuma ne. In muka yi musu, mun sangarta su."

Saboda haka ruwan layin gaba ɗaya yakan gangaro ya zo ƙofar Kawu ya huta. Wannan kaɗai da sauƙi. Amma lokacin da aka jawo musu famfo, mai aikin ya ce a haƙa wa bututun hanyarsa daban, Kawu ya ce ga rami a haƙe kyauta, me ya kawo wahala? Aka kwantar da bututun roba a cikin kwata. Da ya tsage daga baya, Kawu da kansa ya naɗe wurin da robar tayar keke, ya yi mako yana ba da labarin dabarar.

"Malam, ruwan nan yana wari in an ɗauke an dawo da shi," in ji Inna.

"Warin maganin hukuma ne. Ke dai ba ki saba da tsabta irin ta zamani ba."

Wata rana Shugaba ta tashi da amai da gudawa. A asibiti, ma'aikacin tagar inshora ya karɓi katin da ladabi, ya ce sai kamfani ya turo izini, kuma na'urar tana ɗan jinkiri. Kawu ya yi Turanci iya ƙarfinsa. Na'urar ba ta ji tsoro ba. Allah ya sa wata nas ta ɗaura wa yarinyar ƙarin ruwa ba tare da jiran kowa ba. Izinin ya iso bayan lokacin da aka fi buƙatarsa, amma ya iso, kamfanin kuma ya biya.

Kawu ya dawo layin kamar wanda ya ci zaɓe. "Ko sisi ban fitar ba," yake gaya wa tela.

"Yarinya ta koma kamar tsinke, kai kana ta sisi," in ji Inna daga cikin gida.

Ba a rufa wata ba ciwon ya dawo, ya fi na farko. Idanun Shugaba suka faɗa, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. Wannan karon uwarta ta baro aiki ta zo. Likita ya tambaye ta wane ruwa suke sha, ta ce na famfo, ya ce to a duba famfon. Ta iso gida daidai an dawo da ruwa, sai ta ga kumfa tana tasowa daga tsakiyar baƙin ruwan kwata. Ta sa sanda ta ɗago bututun. Inda ruwa yake fita in an kawo, ta nan ƙazanta take shiga in an ɗauke.

"Baba, wa ya ɗaure nan?"

"Ni ne. Ai ya riƙe."

Ta dube shi, ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga, da ya sami abin kamawa.

"Wannan ma kamfanin zai biya," in ji shi, a hankali.

"Na sani, Baba. Amma ba kamfanin ne yake kwance a gadon ba. In an sallame ta, da ita zan koma."

Inna ta shiga ɗaki tana ninke 'yan rigunan Shugaba. Ranar tafiya Shugaba ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Kaka, shigo mana, zan matsa maka." Ya ce akwai wani aiki da zai gama tukuna.

Washegari, ranar Laraba, ba kowa a layin, aka ga Kawu cikin kwata, wando a naɗe har gwiwa. Tela ya fito ya tsaya, ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya fasa, ya koma ya ɗauko nasa shebur. Aka haƙa wa bututun sabuwar hanya. Kawu ya buga wa 'yarsa waya ya ba ta rahoto dalla-dalla.

"Sannu da aiki, Baba," ta ce. "Na riga na sa ta a makaranta a nan. Sai hutu, in Allah ya so."

Yanzu babu ƙofar da ta kai ta Kawu tsabta a layin. Yana zaune a bakinta, duk ɗan makarantar da ya wuce sai ya tsayar da shi ya tambaye shi yaushe za a ba da hutu.

Darasin ba mai zurfi ba ne. Inshora abu ne mai kyau, wanda ya samu ya riƙe ta. Sai dai aikinta yana farawa ne bayan ciwo ya riga ya kama wanda kake so, namu kuwa yana farawa tun kafin nan, a ƙofar gida, da shebur. Kamfani zai iya biyan magani da gado. Amanar da aka ba ka ta ɗan wani, in ta zube, ba tagar da za ka je ka nemi a biya ka.