Ranar Da Albasa Ta Fi Sarki Girma

An ce a zamanin da, can ƙetaren babban teku, akwai wata ƙasa da ba ta taɓa yarda sarki ɗaya ya haɗa ta ba. Kowane birni da ganuwarsa, da sarkinsa, da girman kansa. Sun daɗe suna yaƙar juna har fatake suka gaji, don yaƙi tare hanya yake yi, ulu ya kwana a sito asu na cin rabonsa. Da attajirai suka matsa, sarakuna suka rataye takubba, amma kishi bai mutu ba, riga kawai ya sake. Wannan ya gina hasumiya, wancan ya gina wadda ta fi ta tsawo. Wannan ya tara malamai, wancan ya aika a zuga su su komo wurinsa.

To, a birnin masaƙa akwai Sarki Rinaldu, mutum mai kirki da saurin dariya, sai dai Allah ya jarrabe shi da son a ce ya fi. Labari ya iso masa cewa sarkin birnin gaɓar teku ya sa an zane bangon zaurensa, baƙi na ta tururuwa zuwa kallo. Nan take ya kira wazirinsa, dattijo Ansalmu, ya ce, "Waziri, ina so a zana mini ranar da na dawo daga sulhu a bangon majalisa. Zanen da in mutanen gaɓa suka gani, abinci ba zai ciwu gare su ba."

Waziri ya ce, "An gama, ranka ya daɗe," ya ba Tadiyo aikin.

Shi wannan Tadiyo ɗan wani aminin Waziri ne da ya rasu, a hannun Waziri ya girma. Gwanin zane ne, kuma ya san shi gwani ne, bai taɓa barin kowa ya manta ba. Ya yi shekaru a wani kufai na mutanen farko yana tone-tone, har aka fara cewa ya taɓu. A can ya ga ragowar bangaye da magabata suka zane, inda hanya take shigewa cikin bango kamar mutum zai iya binta, na kusa babba, na nesa ƙarami. Ilmi ne da ya daɗe a binne, shi kuwa ya dawo da shi gida yana ɗoki.

Masu zanen birnin kuwa suna da ƙa'idarsu tun kaka da kakanni: da daraja ake auna mutum. Sarki ya kai rufi, waziri ya tsaya a kafaɗarsa, attajiri a ƙugu, talaka a gwiwa, ko da shi ne a gaba. Waziri ya san wannan sarai. Kuskurensa ɗaya, ya ɗauka Tadiyo ma yana tunawa.

Ranar da aka yaye labule, fada ta cika. Ga kasuwar birnin nan a bango kamar a taɓa: rumfuna, marina, masaƙa, karnuka, jama'a maƙil. A gaba-gaba ga Iya Bona mai albasa, ƙatuwa, da kwandonta. Can ƙarshen hanya, a bakin ƙofar gari, ga Sarki bisa doki, bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Fadawa suka zuba wa bangon ido. Sai Sarkin Masu Zane, wanda dama haushin an tsallake shi yake ji, ya matsa ya gwada su da taƙin hannunsa, ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, albasa ta fi ka girma!"

Wani ya yi dariya ya mai da ita tari. Fuskar Sarki ta haɗe. Ya ce, "Hannun da ya ƙasƙanta ni a gaban jama'ata, a sare shi ranar kasuwa mai zuwa." Dogarai suka yi awon gaba da Tadiyo, yana ta ihu wai a tsaya ya yi bayani.

Waziri ya ji kamar nasa hannun aka ambata. Yana ƙaunar yaron nan, kuma ya san Tadiyo ba hannu, gawa ce mai yawo. Ya bari fushin Sarki ya ɗan huce, sa'an nan ya ja shi saman bene, ya nuna masa wani mahayi can nesa, ya ce, "Ranka ya daɗe, rufe shi da yatsa. Ka gani? Galadima ne guda, ga shi farcenka ya ɓoye shi. Ya ragu da wani abu?"

Sarki ya ce, "Waziri, kada ka mai da ni yaro. Na san nesa tana rage mutum a ido. Amma bango ba ido ba ne, bango shaida ne. Kakannina duk rufi suke taɓawa, ni kaɗai ne za a bar wa jikoki kamar ƙuda?"

Waziri ya sauko daga bene. Ya koma zaure shi kaɗai, ya tsaya gaban zanen yana neman ta inda zai ɓullo. Ya dubi mai albasa, idonsa ya zame zuwa Sarki. Ya dubi marina, idonsa ya sake zamewa can. Ya gwada rumfuna, ya gwada karnuka, ko ta ina ya fara, a ƙofar gari yake ƙarewa. Dattijo ya tafa hannu, ya ƙyalƙyale da dariya har mai shara ya leƙo.

Ya koma wurin Sarki ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba ceto na zo ba. Alfarma ɗaya nake roƙo: kafin a sare hannun, a bar talakawa su ga laifin da ya yi. Kai kuma ka zauna bayan labule ka ji da kunnenka." Sarki ya yarda, don yana son jin yadda za a tsine wa Tadiyo.

Waziri ya sami ɗan ƙyalle ya liƙe a kan hoton Sarki, ya sa aka buɗe ƙofa. Jama'a suka ɗuru. Wai! Ranar an yi shewa. Wannan ya ce ga rumfarsa, wancan ya ce ga surukinsa da ƙaton hancinsa, wata ta rantse karen maƙwabcinta ne wancan, ɓarawon nama. Amma kowa ya gama murnarsa, sai ka ga ya miƙa wuya wajen ƙyallen nan. "Me aka rufe a can?" "Ai duk hanyar can ta nufa." "Ku duba, kowa a bangon can yake kallo!"

Sai ga Iya Bona da kanta tana ture mutane. Ta ga kanta, ta dafe ƙirji ta ce, "Ni ce wannan? Har da gyalena mai faci? Amma ɗan nan bai da kunya!" Ta juya wajen Waziri. "Ranka ya daɗe, a cire wannan tsumma mana."

Waziri ya ce, "Iya, me kike zaton yana ƙarƙashi?"

Ta ce, "Haba, sai an faɗa mini? Dubi wuyana yadda ya karkace! Ranar nan ce Sarki ya dawo mana da zaman lafiya, 'ya'yana biyu suna bayansa da ransu. Ina can ina hangensa akuya ta cinye mini rabin kwando, ban ko kore ta ba. Wa zan bar wa albasata in ba shi ba? A cire in ga ubanmu!"

Zaure ya ɗauka, "A cire! A cire!" Waziri ya nuna tsohon zanen da ke ɗaya bangon, inda kakan Sarki yake tsaye har rufi, ya ce, "Ga babban sarki can, ku kalla mana." Ko mutum ɗaya bai waiwaya ba. Wani ma a ƙusar da ke jikinsa ya rataye hularsa.

Labule ya motsa, Sarki ya fito yana share ido, yana dariya. Da hannunsa ya ɓare ƙyallen, guɗa ta tashi har ana ji a marina. Ya ce a kawo Tadiyo. Aka shigo da shi duk ya rame, ya ƙanƙame hannun damansa a hammata.

Sarki ya ce, "Na janye hukunci. Amma kai Tadiyo, tsakaninka da Allah, ba za ka ɗan ƙara mini ko kaɗan ba?"

Waziri ya rufe ido yana addu'a, don ya san bakin ɗansa. Tadiyo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in na ƙara, kanka zai bugi ƙofar gari."

Sarki ya yi dariya har ya dafa kafaɗar dogari. Ya yanka wa Iya Bona rumfa a tsakiyar kasuwa, ya umarci Sarkin Masu Zane ya kwashi mutanensa su bi Tadiyo kufai su koyo. Ba a jima ba sauran birane suka ji, kishi ya motsa, kowa ya bazama tonon abin da magabata suka bari, masu gini da masu sassaƙa da masu karatu. Daga nan ne, in ji masu ba da labari, ƙasar ta farka.

Amma a ranar, Waziri bai san da wannan ba, bai kuma damu ba. Sarki ya zare zobensa ya ce Tadiyo ya miƙo hannu. Gwanin baki ya miƙa, hannu na ta rawa, zobe ya ƙi shiga. Sai dattijo ya matso ya riƙe hannun nan da nasa biyu har ya natsu. Aka sa zobe, aka gama, fada ta watse, shi kuwa bai saki ba.

Nan hikayar ta tsaya, Allah ya bar mu da gaɓoɓinmu lafiya.